Waken da Aka Hana Dare

"Umma, shi ma waken namu mijinsa tafiya ya yi?"

Nasiha ce ta jefo min wannan tambayar. 'Yata ce, shekararta biyar, tana tsugune a bakin garka tana tsinkar ganye. Da mu biyu ne kawai da na yi dariya na wuce. To amma Goggo Hadijatu, maƙwabciyata, tana tsaye a kanmu, ta shigo aron rariya.

Na ce, "Wane irin miji kuma? Wake yana da miji ne?"

"Ba Goggo ce ta ce ba ki yi min ƙani ba saboda Abba ba ya zama? To shi ma ga shi bai haihu ba."

Goggo ta saki rariyar ta kama haɓa. "La ilaha illallahu! Yarinyar nan za ta sa a kore ni daga unguwa. Ke 'yar nema, yaushe na faɗa a gabanki?"

"Ranar da kike yi wa Umma tsifa."

Goggo ta yi dariya har da share hawaye. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba, don yarinyar gaskiya ta faɗa. Ƙarshen Satumba muke. Waken ya rufe dangar garka gaba ɗaya, ya haye rufin madafa, ganyensa faɗin tafin hannuna, kore shar. Amma fure ko ɗaya babu. A gonakin da ke bayan gidanmu masu waken zamani sun riga sun tsinke nasu, har an fara ƙosai da sabon wake. Masu na gargajiya ma nasu ya yi fure fal, zuma na ta shawagi a kai. Nawa sai ganye.

Sunana Munawwara. 'Yar Fagam ce ni, ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ni Surko. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta gabas, daga dangarmu sai gonaki. Maigidana Kamaluddeen direban babbar mota ne, yana ɗaukar riɗi da zoɓo daga Kano zuwa Ikko. In ya zo gida sau ɗaya a wata da rabi, to an yi sa'a. Danginsa duk suna Kano. Saboda haka gidan ni ce, da Nasiha, da akuya ɗaya.

Waken nan kuwa ba na kasuwa ba ne. Na Innata ne, Allah ya ji ƙanta. Fari ne, manya, fatarsa da ɗan kaushi, hancinsa ja. In ya dahu yakan narke a baki, romonsa kuma da kauri. Tun ina yarinya nake ganin Inna tana ware irinsa kowace kaka, ta cakuɗa da toka da busasshen barkono, ta ɗura a kwalba ta toshe. Ta ce ita ma daga hannun uwarta ta karɓa. Da ta rasu bara, aka zo rabon kayan ɗakinta, 'yan'uwana mata suka ɗauki tukwane da zannuwa. Ni kwalbar na ɗauka. Da na juye na auna, cikin gwangwanin madara biyu ne.

Ban kai shi gona ba. Na ji tsoron shanu, na ji tsoron masu roro, na ji tsoron komai. Na ce a gabana zai tsiro, inda idona zai riƙa ganinsa. Na gyara garkar da ke kusurwar tsakar gida, na zuba kashin akuya kaɗan, ƙarshen Yuli na shuka. Duka na shuka. Ban bar ko ƙwaya ɗaya a kwalba ba, don a raina na ga kamar yadda nake tattalinsa ba abin da zai same shi.

Akwai kuma fitila, sai na faɗi yadda aka yi ta zo. Da bazara, wata rana bayan magariba, Nasiha ta je ɗebo ruwa a randa. Allah ya sa ina bayanta da tocila. Kububuwa ce kwance a gindin randar, inda ƙasa ke da sanyi, tsakaninta da ƙafar yarinyar bai fi taki ɗaya ba. Na fizgo ta, maƙwabta suka zo suka kashe macijiyar. Kwana uku ban iya cin abinci ba. Da Kamaluddeen ya dawo, sai ga shi da fitilar sola daga Kano, irin babbar nan da ake kafawa a bakin titi. Ya kafa ta a kan dogon ƙarfe, daidai kusurwar garka, don daga nan take haske tsakar gidan duka. Da rana ta faɗi take kunna kanta, sai gari ya waye take mutuwa.

Ya ce, "Ko allura ta faɗi za ki gani. Kar ki kuskura ki bari a taɓa ta."

Ba zan ɓoye ba, na so fitilar nan. Ba don maciji kaɗai ba. Gidan da ba namiji, ba surukuwa, ba wanda zai yi tari ka ji, in haske ya cika tsakar gida sai ka ji kamar akwai wani a tare da kai.

Da Goggo ta gama dariyarta a ranar, ta zagaya garkar tana ɗaga ganye da sandarta.

"Munawwara, ƙasar nan ta yi masa maiƙo. Ya ƙoshi ne, ya manta abin da ya kawo shi duniya."

"Goggo, takin da na sa bai fi kwano biyu ba."

"To baki ne. Duk wadda ta shigo sai ta ce kai, wannan wake! Kin taɓa jin wadda ta ce tubarkalla?"

Ban yarda da maganar baki ba, amma na yi addu'o'ina na tofa. Washegari na hau babur zuwa Birnin Kudu, na shiga wani shagon kayan gona na yi bayani. Mai shagon ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya miƙo min wata 'yar kwalba ya ce a tsarma da ruwa a fesa, sati ɗaya zai yi fure. Na fesa. Sati ya cika, ganye ya ƙara faɗi, sabon yaɗo ya kama igiyar shanya. Fure dai shiru.

Na kira Kamaluddeen. Yana wani wajen da ake ta hon, sai ɗaga murya yake.

"Wake ne fa, Munawwara. Wake! In na biyo ta kasuwar Dawanau zan taho miki da buhu guda."

"Ba irinsa ba ne."

"To me ya bambanta su? In an dafa ba duk ciki za su ba?"

Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai na ji ya ce da wani, "Ja baya, ja baya!" Layin ya yanke.

A nan na fara lissafin abin da ke gabana. In ruwa ya ɗauke waken bai yi 'ya'ya ba, ya zama harawa, akuya ta cinye, shi ke nan. Sai na ce bari in je gida. Ko ba komai in samo wani irin in ajiye, in wannan ya lalace ina da madadi.

Ranar biyu ga Oktoba muka tafi, ni da Nasiha. Babur zuwa Birnin Kudu, motar Gwaram, daga nan wani babur ɗin har Fagam. Rabona da garin tun sadakar arba'in. Duwatsun suna nan yadda na bar su, dawa ta fitar da kai a ko'ina. Da na shiga gidanmu na tarar ɗakin Inna an mai da shi ma'ajiya, buhunan taki da injin feshi a inda gadonta yake. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba.

Matar yayana, Saudatu, ta kawo mana ruwa da fura. Na tambaye ta irin.

"Wanne? Mai jan hancin nan? Ai Inna ce kaɗai ta riƙe shi. Wa zai tsaya jiran wake wata huɗu? Yanzu mai kwana saba'in ake yi, ka tsinke ka sayar tun kasuwa na da kyau."

"Ko tafi ɗaya bai rage ba?"

"Akwai ɗan saura a ƙwarya, amma tun azumi muka yi alala da shi." Ta kalle ni, ta ga fuskata. "Wallahi ban san kina so ba."

Na shiga gida biyar a unguwar. Kowa ya tuna waken, kowa ya yabi daɗinsa, ba wanda yake da shi. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "In kin samu ki ɗan sam min." A nan na gane cewa abin da ya rage na waken Inna a duniya, iya sanina, shi ne wanda ke kwance a kan dangata yana ta ganye.

Kafin mu juyo na biya in gaida Kawu Dabo, yayan Inna. Tsohon malamin gona ne, ya yi aiki shekara talatin kafin ya ajiye. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa da kansa garau. Muka same shi a gindin durumi yana murza igiya.

"Wa nake ji kamar Munawwara? Matar direba! Har yanzu mijin naki yana auren titi?"

"Yana nan yana fama, Kawu."

"Wannan kuma amaryata ce ta yi tsawo haka? Zo nan in ji ko kin kawo min goro."

Nasiha ta ɓuya a bayana ta ce ita ba ta son miji mai furfura. Ya yi dariya, ya ce dama shi ma ya fasa.

Bayan gaisuwa na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye igiyar.

"Yaushe kika shuka?"

"Ƙarshen Yuli."

"Daidai. Taki fa?"

"Kashin akuya, kaɗan."

"Inuwa? Akwai bishiya a kansa?"

"Babu. Rana na dukansa tun hantsi har la'asar."

"Ganyen ya murɗe? Ya yi rawaya? Kin ga ƙwari a kan tohon?"

"Lafiyarsa ƙalau, Kawu. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "To da dare fa?"

"Da dare kuma me?"

"Ina nufin, yana samun dare?"

Ban gane tambayar ba. Nasiha ce ta leƙo daga bayana. "Mu gidanmu dare ba ya yi. Abba ya sayo mana ƙaramar rana, tana kan sanda."

Kawu ya juya wajen muryarta, sannan ya juyo wajena. "Sandar nan, ina take da garkar?"

"A kanta take, Kawu."

"Har asuba?"

"Har gari ya waye."

Ya buga tafin hannunsa a gwiwa. "To ai ba ciwo ne da shi ba. Ke kika hana shi sanin lokaci."

Ya sa na matso, ya yi min bayani a hankali, yadda na tabbata ya yi wa manoma ɗaruruwa a zamaninsa. Ya ce waken gargajiya irin na Inna ba kwanakinsa yake ƙirgawa ba, tsawon dare yake aunawa. A ƙasarmu, tsakanin dare mafi gajarta da mafi tsawo bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Mutum ba ya ma lura. Amma ganye yana ji. Tun daga farkon damina dare ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, in ya kai wani mizani, wajen tsakiyar Satumba, sai ganyen ya aika wa kan reshe saƙo cewa a daina yaɗo, a yi fure, ruwa ya kusa tafiya.

"Ba ki taɓa lura ba? Wani ya shuka a Yuni, wani ya makara sai Yuli, amma kusan tare wakensu zai yi fure. Dawarmu kaura haka take. Zoɓo haka yake. Kakanninmu ba su san sunan abin ba, amma su suka zaɓi irin da ke nuna daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa, don kada ya ruɓe a gona. Na zamani an cire masa wannan halin. Shi in kwanakinsa sun cika zai yi fure ko a cikin shagon walda."

"To amma ai dare yana yi, Kawu. Fitila ce kawai."

"A wajenki. Shi duhun yake so, kuma a haɗe, daga faɗuwar rana har fitowarta ba yankewa. In haske ya tsaya a kansa, a lissafinsa har yau ana farkon damina. Yana nan yana jiran lokacin da ba zai zo ba."

"Farin wata fa? Ai shi ma haske ne."

"Tambaya mai kyau, da kin yi makarantar gona. Hasken wata bai kai ya dame shi ba. Amma fitilar da za a tsinci allura a ƙarƙashinta ta kai har ta yi yawa." Ya ɗan yi tunani. "Ba wani reshe da ya ɓuya ya yi fure?"

Sai na tuna. Akwai wani yaɗo da ya bi ta ƙarƙashin danga ya zagaya bayan madafa, inda bango ya tare hasken. Kwana goma da suka wuce na ga fure biyu a jikinsa. Kafin in ɗaure shi akuya ta cinye. A lokacin na ɗauka sa'a ce kawai.

"Kin gani," in ji Kawu. "Shi ya samu dare."

Na tambaye shi abin da ya fi damuna. "In na kashe ta yanzu, zai yi?"

"Zai iya. Sati biyu zuwa uku kafin ki ga fure, in ba a katse masa duhun ba ko sau ɗaya. Daga fure zuwa bushewa kuma kusan wata guda. Ruwan sama kuwa in ya ƙara biyu ya yi ƙoƙari. Sai dai ke ki zama daminarsa."

A mota muna komawa Nasiha ta yi barci a cinyata. Ina kallon ƙafafunta, 'yan ƙanana, da ƙura a tsakanin yatsu. Kaka lokacin macizai ne, suna biyo ɓeraye daga gona zuwa gida. Na san wannan sarai.

Da muka isa na kira Kamaluddeen na gaya masa komai. Wannan karon ya saurara har na gama.

"Wato ki kashe fitilar da na sa don 'yata, saboda wake."

"Sati uku ne zuwa huɗu."

"Munawwara, in wani abu ya sari yarinyar nan a cikin duhu, me za ki ce min? Me za ki ce wa kanki?"

Na ce, "Zan kula."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ke kike gidan. Ni ina nan Ikko ina jiran lodi." Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kwana biyu ina shiri kafin in taɓa fitilar. Na nome duk ciyawar da ke kewayen gida. Na kwashe tarin itacen da ke jikin bango na kai nesa. Na shigar da randa cikin ɗaki, na toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, na cike ramukan ɓera da taɓo. Na sayo wa Nasiha fo na fitsari don kada ta fita bayan magariba. Sannan na shiga garkar da lauje. Na san ba zan iya shayar da wannan dajin ganyen da ruwan jarka ba. Na zaɓi gindi takwas mafi ƙarfi, na rage musu yaɗo, sauran duk na yanke na kai wa maruƙan Goggo.

Fitilar ba ta da makunni da hannu zai kai. Na aro tsani a gidan Goggo, da hantsi, maza duk sun tafi gona. Ita ta riƙe min, ni na hau da baƙin bokiti da igiya.

"Duniya ta zo ƙarshe," take faɗa daga ƙasa. "Mutane na roƙon a kawo musu haske, ke kina ɗaure masa kai kamar mai ciwon haƙori. In kin faɗo ni ba ruwana, cewa zan yi ban gan ki ba."

"Riƙe dai, Goggo."

"Ina riƙe. Allah ya sa waken nan ya san abin da ake yi dominsa."

Na kifa bokitin a fuskar fitilar na ɗaure tam.

Daga ranar, da an kira magariba muke shiga ɗaki mu rufe. Na rataya bargo a taga don ko hasken tocila kada ya fita. Kowane yammaci kafin mu shiga, sai in share tsakar gida in lailaye yashin da bayan tsintsiya ya yi sumul. Da safe kafin Nasiha ta sauko daga gado, in fita in karanta abin da ya wuce. Sawun ƙadangare na sani, na ɓera na sani, na kwaɗo na sani.

Ruwa ya ƙara sauka sau ɗaya, yayyafi, daga nan sama ta wanke. Na koma ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa. Jarka biyu da safe, biyu da yamma, daga bakin masallaci zuwa ƙarshen gari. Matan da ke layi suka fara tambaya ko wanki nake karɓa. Da na ce wake nake shayarwa sai suka kalli juna. Ba wadda ta ƙara tambayata.

Kwana na goma sha ɗaya na fito da safe na ga layi a kan yashin. Ba ƙafa, ba yatsu, jan ciki ne mai lanƙwasa. Ya shigo ta ƙarƙashin danga, ya bi jikin bango, ya wuce ta bakin ƙofar ɗakinmu, ya fita ta magudanar ruwa. Na tsaya a kansa ina kallon sawun macijin. Tsanin Goggo yana nan jingine. Hawa ɗaya ne, in kwance igiya, shi ke nan. Na je har na dafa shi. Sai na juya na dubi garkar. Kwana goma sha ɗaya na duhu ke nan, kuma Kawu ya ce in an katse, aikin ya koma baya.

Na bar tsanin na shiga gidan Goggo. Gidansu cike yake, 'ya'ya da jikoki, ga karnuka biyu, ga wutar da ake hura wa shanu.

"Goggo, alfarma na zo nema. Ki riƙe min Nasiha ta riƙa kwana a ɗakinki, zuwa in gama."

Ta dube ni, wannan karon ba wasa a fuskarta. "Ke fa?"

"Ni babba ce. Ina da takalmi, ina da sanda."

"Ki taho ke ma mana. Ɗaki ba ya ƙin mutum."

"In na bar gidan ba kowa, akuya da ɓarayin kaji sun samu."

Ta ce, "Kawo ta. Amma in ta ƙara tona min asiri zan dawo miki da ita."

Haka aka yi. Kullum bayan la'asar in yi wa Nasiha wanka, in ba ta tuwo, in raka ta. Daren farko ta yi kuka, na biyu ta tafi da gudu don jikokin Goggo suna da 'yar tsana. Ni kuma in dawo in rufe ƙofa. Ban taɓa sanin gidan nan yana da faɗi haka ba. Ba haske, ba numfashin yarinya a gefena. Wani lokaci in ɗauki waya in duba, ba wanda ya kira, in mayar ƙarƙashin matashi.

Ranar kwana na goma sha bakwai, da sassafe, na fita da jarka zan zuba ruwa. A gindi na uku daga ƙofar garka na gan shi. Fure ɗaya, fari da ɗan shuɗi a tsakiya, raɓa a jikinsa. Na ajiye jarkar. Na duba sauran, ga ƙananan tohon fure a kusan kowane reshe.

Na juya in kira wani. Nasiha tana gidan Goggo ba ta tashi ba. Na kira Kawu, wayarsa a kashe. Na kira Kamaluddeen, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Sai na tsuguna a wajen ni kaɗai, na yi wa Inna addu'a, na zuba ruwan.

Ba duka suka tsaya ba. Iska ta riga ta bushe, rana ta yi zafi, furanni da yawa suka zube tun ba su ƙulla ba. Ƙwari suka zo, na daka ganyen darbejiya na jiƙa na riƙa yayyafawa da tsintsiya. Na bar bokitin a kan fitilar har sai da na ga 'ya'yan sun kama sun fara tsawo, sannan na hau na kwance, na ɗauko 'yata ta dawo ɗakinmu. Ruwa kuwa ban fasa ɗauka ba sai da kwanson ya fara rawaya.

Tsakiyar Nuwamba na tsinke. Na zauna a tabarma na ɓare da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ban yarda a sa a turmi ba. Wasu ƙwayoyin sun motse, na ware su. Masu kyau, fari da jan hanci, na zuba a gwangwanin madara. Ya wuce rabi da kaɗan. Gwangwani biyu na shuka.

Nasiha ta ce, "Yau za mu dafa?"

"Ba bana ba."

"Sai yaushe?"

"Baɗi, in Allah ya kai mu. Ko baɗin waccan."

Na raba shi biyu. Rabi na cakuɗa da toka da barkono na ɗura a kwalba. Rabi na ƙulle a tsumma na ba wani direban Gwaram ya kai wa Kawu, ya ba wanda ya yarda da shi ya shuka a gona, nesa da gari.

Kamaluddeen ya zo bayan sati ɗaya. Na nuna masa kwalbar. Ya ɗaga ta a rana ya girgiza.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya miƙo min kwalbar. Da la'asar ya tone ƙarfen fitilar ya mayar da shi ƙofar gida, ta yadda ɗaki zai shiga tsakaninta da garka. Kwana biyu ya yi, aka kira shi lodi.

Yanzu fitilun nan sun cika ƙauyukanmu, a ƙofar gida, a bakin masallaci, a gefen gonakin da ke jikin titi. Alheri ne, ban ce kowa ya cire tasa ba, ni ma tawa tana ci. Amma ke da kike karanta wannan, in kina da tsohon iri a hannunki, wake ne ko zoɓo ko dawa, kada ki shuka shi inda fitila ke kwana. Ki je wajen bayan isha ki buɗe hannunki. In kina iya ganin zanen tafinki, to shukar ma tana ganin hasken, kuma ba za ta yi miki fure ba. Kada kyan ganye ya ruɗe ki har Satumba ta ƙare, don a lokacin ruwa ya tafi, kuma ba kowa ke da wanda zai gaya masa dalili ba.